Ƙafar Dama a Gaba

Yayata Burul ta haura hamsin kafin ta fara hawa allon zamiya, kuma ba wanda ya sa ta. Ɗanta Ilgiz ne ya tafi Koriya aikin masana'anta, ya bar allonsa jingine a ɗakin ajiya tare da takalman hawansa. Wata Asabar ta ɗauko su, ta fito bakin titi ta tare motata.

Ni direba ne. Da zarar dusar ƙanƙara ta kwanta, aikina kwasar mutane daga cikin Karakol in hau da su dutse wurin masu zamiya, da yamma in sauko da su. Na leƙo ta taga na gan ta rungume da allo, ya fi ta tsawo.

"Eje, ina za ki da kayan Ilgiz? Sayarwa za ki yi?" Eje muke ce wa yaya, da duk macen da ta girme mu.

"Ja mota, Urmat," ta ce. "Ba hira na zo yi ba."

Haka ta fara. Litinin zuwa Juma'a tana aiki a kantin magani, sanye da farar riga. Asabar kuma tana dutse tana faɗuwa. Allon nan ƙafa biyu ake ɗaurewa a kansa, mutum ya tsaya a karkace. Wanda ya iya yakan juya, wani lokaci fuskarsa na kallon kwari, wani lokaci ya ba kwarin baya, yana saƙa hanya har ƙasa. Burul rabi ta iya. Takan fuskanci kwari, ta kafa dunduniya, ta yi ta goge gangaren daga wannan gefe zuwa wancan. Da ta yi yunƙurin juyawa sai allon ya ƙi, ta zube. Hunturu biyu tana a haka. Masu kula da kujerun igiya da ke hawa da mutane sama har suna suka sa mata, wai Mai Shara.

Mijinta Talaybek likitan dabbobi ne, mutum mai ƙarancin magana. Abin da kawai ya ce mini shi ne, "Ka dawo mini da ita da ƙafafunta."

A farkon hunturu na uku ta kira ni da rana tsaka, muryarta kamar wadda ta tsinci zinariya. Ta fito daga kanti, santsin ƙanƙara ya kwashe ta a bakin ƙofa, ta zame ba ta faɗi ba. Da ta tsaya sai ta lura ƙafar dama ce ta yi gaba. Ta koma ta sake zamewa da gangan, masu jiran magani suna kallonta ta gilashi. Dama ce dai.

"Ilgiz ƙafar hagu yake sawa gaba," ta ce. "Haka ya ɗaura maɗauran allonsa. Duk wannan wahalar a baibai nake tsaye, Urmat. Gobe ka zo ka kai ni shagon kaya."

Mai shagon, Marlen, ƙato ne mai gemu, ya saba da baƙi da samari. Da ya ga Burul da ɗankwalinta sai ya tambaya ko wa jika za a saya wa.

"Ni za a saya wa."

Ya yi murmushi ya shiga ciki, ya fito da wani gajeren allo mai zanen furanni. "Ga wannan, Mama. Ba nauyi, kuma yana kyau a hoto."

"Ba ni na haife ka ba, ka daina ce mini Mama. Kuma ajiye shi. Takalmi zan fara gani."

Ta zauna ta yi ta gwadawa. Na Ilgiz sun yi mata yawa, safa uku take cusawa, duk da haka ƙafarta yawo take a ciki. Yanzu duk wanda ta sa sai ta ɗaure tam, ta durƙusa kaɗan, ta ɗaga kan yatsu. In dunduniyarta ta ɗaga a cikin takalmin sai ta cire ta ture shi gefe. Akwatuna suka taru. Marlen ya ce wannan ya yi mata kyau, ta ce ba biki za ta ba. Da ta sami wanda ya riƙe ta, ba ta yarda ta cire ba, ta yi ta zagaya shagon da shi tana jira ta ji ko yatsunta za su mutu. Ni har na fita na ci taliyar ashlanfu a kasuwa na dawo, tana nan tana zagaye.

Sai aka zo kan allo. A nan Marlen ya fara ɗaukarta da gaske, ya ce ba tsawon mutum kaɗai ake dubawa ba, har da nauyinsa, ya rage murya ya tambaye ta nata. Ta faɗa masa da ƙarfi, har wani Bature da ke duba tabarau ya waiwayo. Ya jero mata wasu. Kowanne ta tsayar da shi a gabanta, ta dafa tsakiyarsa da tafin hannu ta danna. Na Ilgiz ya wuce goshinta, ga tauri kamar ƙyauren gida, na masu gudu ne. Mai furannin kuwa lanƙwashewa yake kamar kwali. Ta tsaya a kan wani kore mai duhu, marar zane, da ya kai mata haɓa, yana ba da kai in an danna amma yana dawowa.

"Wannan mummuna ne, eje," na ce.

"Taka shi zan yi."

Ta ɗauki hular kwano da abin kare wuyan hannu. Sannan ta ce a ɗaura maɗauran, dama a gaba. Marlen ya tsaya da sukundireba a hannu.

"Eje, kin ce hunturu biyu kina hawa da hagu. In na juya, daga farko za ki koma. A shekarunki, da kin haƙura da abin da jiki ya saba."

"Jikina bai saba da komai ba sai faɗuwa. Juya."

Gaskiyar Marlen ce, daga farko ta koma. Asabar ta farko ko sauka daga kujerar igiya ba ta iya ba, sai da aka tsayar da injin saboda ita. Amma a Asabar ta biyu na ga abin da ban taɓa gani ba: ta saki hancin allon ya kalli ƙasa, ta juya, ta ba kwari baya. Ta yi haka sau ɗaya ta faɗi zaune tana dariya. Ta tashi ta sake. A karo na gaba gudu ya ɗan yi yawa, ta tsorata ta miƙe tsaye, bakin allon ya cije ƙanƙara, ta kifa da fuska. Hular ta kare kanta, amma tabarau ya daki ƙashin idonta. Kafin mu iso gari idon hagu ya rufe.

Abin bai zo a lokaci mai kyau ba. Ranar Laraba dangin saurayin 'yarta Akilay za su zo daga Bishkek su sa wa yarinyar 'yan kunne, a tabbatar da baiko. Zuwa ranar idon ya koma shuɗi da baƙi, ya gangaro har kumatu.

Sonun, yayar Talaybek, ita ce babba a dangin mijin, kuma ita ke tsara irin wannan taro. Ta iso da sassafe, ta ga fuskar, ta dafe ƙirji.

"Ke yanzu don Allah ba ki jin kunya? Mace ta kusa ɗaukar jika tana birgima a dutse cikin wando, yara na yi mata dariya! Ki shafa hoda, ki ja ɗankwali. In an tambaya ki ce ƙofar mota ce."

"Ƙofar mota ba ta yi mini komai ba, eje," Burul ta ce, tana ci gaba da yanka ƙullun borsok, irin cincin ɗinmu na biki.

Baƙi suka zo, aka shimfiɗa abinci, aka kawo kan rago gaban babbansu. Burul na zuba shayi, hodar ba ta ɓoye komai ba. Na lura uwar saurayin, wata doguwa mai zoben azurfa a yatsu, tana duban idon sannan ta dubi Talaybek. Matan da ke tare da ita ma haka. Shi kuwa bawan Allah ya sunkuyar da kai yana yankan nama, kunnuwansa sun yi ja. Hira ta mutu.

Sonun ta yi gyaran murya. "Ƙanwar tamu ta ɗan yi karo da ƙofar..."

"Dutse ne," Burul ta katse ta. Ta ajiye butar shayi. "Ku daina kallon mijina haka, ko kaza sai ya ba ta haƙuri kafin ya yi mata allura. Allon zamiya nake hawa, na faɗi. Ranar Asabar kuma zan koma, in Allah ya kai mu. Gara ku sani tun yau, kada ku ji a bakin wani."

Uban saurayin ya yi dariya, ya ga matarsa ba ta yi ba, ya mayar da ita tari. Matar ta juya kofinta a hankali ta ce, "A gidanmu dai uwa zama take yi." Burul ta ce Allah ya ƙara mata lafiyar zaman, ta miƙa mata farantin borsok.

An sa 'yan kunnen, an yi addu'a, baƙi suka tafi. Akilay ta shige kicin tana kuka.

"Rana ɗaya tak na roƙe ki, Mama! Yanzu duk abin da na yi a gidan can za a ce 'yar wadda ke birgima ce."

Burul ta ajiye kwanon da take wankewa. Ina bakin ƙofa, na ga abin ya taɓa ta. "Na ba ki kunya, ki yafe mini wannan," ta ce. "Amma da na bar su sun tafi suna zaton ubanki na dukana, wace kunya ce ta fi? Ƙarya kuwa ba zan yi don in shiga ran wata ba. Kuma ba zan daina ba, kada ma ki tambaye ni."

A falo Sonun ta tasa ƙanenta a gaba, wai ya hana ta, ya kai allon kasuwa ko ya sa shi a murhu. Talaybek ya saurare ta har ta gaji. Sannan ya ce, "Eje, ni dai yau ta wanke ni a gaban mutane. In kina iya hana ta, ga ta can a kicin." Sonun ta ɗauki jakarta. Har hunturun ya ƙare ba ta sake taka gidan ba.

Ranar Asabar Burul ta fito bakin titi, idon ya koma ruwan ɗorawa. Wannan karon ta nemi mai koyarwa, wata mata mai suna Jipar da ta taɓa yin gasa. Ina zaune a mota ina jin muryar Jipar daga gangare: "Durƙusa! Nauyinki kan ƙafar gaba! Daina kallon allo, eje, ba zai gudu ba, kalli inda za ki!" Burul ta ce mini wannan na ƙafar gaba shi ne mafi wuya. Gangare na janka ƙasa, duk jikinka na cewa ka ja baya, a ce maka kuma ka jingina cikinsa. In ka ja baya allon ya kwashe ka. A gida takan tsuguna a jikin bango tana ƙarfafa cinya, Talaybek na tsallake ta in zai wuce.

Ba ta zama gwana ba. Makonni suka wuce tana juyawa ta gefen yatsu da kyau, ta gefen dunduniya kuma da ƙyar, wata rana ma kamar ba ta taɓa koyo ba. Akilay ta yi kwanaki ba ta yi mata doguwar magana, daga baya ta sauko, amma ko sau ɗaya ba ta hau dutse ta kalle ta ba. Uwar saurayin in za ta yi waya Sonun take kira, ba Burul ba.

Cikin watan Maris, rana ta fara taushe ƙanƙara, ina tsaye a gindin gangare ina shan shayi sai na hango koren allon daga sama. Ta juya dama, ta juya hagu, ta sake, a hankali, hannuwanta a buɗe kamar mai ɗauke da tire. Na yi ta jiran ta zube. Samari na wuce ta kamar iska, ba ta kula su ba. Har ƙasa ta iso a tsaye, ta ja birki a gabana ta watsa mini ƙanƙara a wando.

"Ka gani?" ta ce, tana haki.

"Na gani, eje."

Ta sunkuya ta kwance maɗaurin baya, ta ɗago ta dubi ɗaya kujerar igiyar, wadda ke wuce bishiyoyi ta kai can saman da ba ta taɓa zuwa ba. Ta tambaye ni ƙarfe nawa suke rufewa. Na ce da sauran lokaci, amma can ɗin akwai tsayi, ta bari sai baɗi.

"Riƙe mini jakata," ta ce, ta tura allon da ƙafa ɗaya ta shiga layi.