Ƙofa Kafin Fili

Mai walda bai taɓa son mijin ƙanwarsa ba. Mutumin ba shi da laifi, abin haushin ke nan: ga kantin magani, ga farar riga, ga hannu mai laushi kamar na jariri. Ko mahaifiyarsu ta fi tambayar lafiyar surukin.

Akwai wani fili a ƙarshen layinsu, na wani tsohon direba. Mai walda ya daɗe yana ƙwallafa rai a kansa. Suka yi ciniki a bakin shago, suka tafa, tsohon ya ce ya sallama, sai a hankali a yi takarda. Da zafinsa mai walda ya je ya auno bakin filin, ya ƙera ƙofar ƙarfe mai gambu biyu, irin wadda bai taɓa yi wa kowa ba. Ya jingine ta a gaban shago don duniya ta gani.

Duniya kuwa ta gani. Sai ga labari cewa mai magani ya ɗauki tsohon a mota zuwa wurin lauya, sun sa hannu a yarjejeniyar farko da shaidu. Wai bai san yayan matarsa na ciki ba, kuma wataƙila gaskiya ne.

Mai walda ya tafi wurin nasa lauyan yana huci, yana cewa ai ba a kammala cinikin ba tukuna. Lauyan ya ce ko ba a kammala ba, takardar ta ɗaure tsohon. Ya tambayi shaidarsa.

"Na yi ƙofa."

"Ƙofa ba ta sa hannu, malam."

Hassada ta ci shi har ya rame. Da gini ya kai linta, mai magani ya zo shago a ladabce.

"Yaya, magina sun ce ƙofar nan kamar don wurin aka yi ta."

Ƙanwarsa ce za ta kwana a bayanta, don haka mai walda ya sayar, shi ya kuma kafa ta. Ya yi niyyar karkata ta kaɗan, ta riƙa kuka duk safiya tana tashin mai gidan. Hannunsa ya ƙi.

Kullum ta nan yake wucewa zuwa shago, yana rage tafiya yana kasa kunne. Ƙofar tana buɗewa ko ƙis ba ta yi.