Injin Wankin Ƙoda a Sito

Wata tara ke nan da aka sauke akwatunan a asibitin, manya guda uku, kowanne da jan hatimi a bakinsa. Injin wankin ƙoda ne gwamnatin tarayya ta aiko, wai don talakan nesa ya samu abin da na birni ke samu. Aka tura su sito, mai gyaran na'urorin asibitin ya sa hannu ya karɓa. Injiniya kowa ke ce masa, ko da yake shi yakan ce injiniyan fanka da tukunyar iska ne kawai.

Yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ƙodarta ta daina aiki. Sau biyu a mako take shiga motar haya, tafiyar awa shida zuwa babban birni, a wanke mata jini, ta dawo ƙafafu a kumbure.

"Ka dai ji kunya, ƙanena," takan tsokane shi. "Kana gadin magani, yayarka na shan jijjigar mota."

Yakan yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora.

Ya je ma'aikatar lafiya ta jiha. Darakta ya ba shi kujera, ya ce, "Kayan tarayya ne, ba a miƙa mana ba. Ta yaya za mu gyara ɗaki don kayan da ba namu ba?"

Ya hau mota zuwa ofishin tarayya. Jami'ar da ya tarar ba muguwa ba ce, har takardar ta juyo masa ya karanta. "Namu saye da kawowa. Ɗaki, tataccen ruwa, wuta da ma'aikata na jiha ne. In muka yi musu, gobe su ce mun shiga huruminsu. Su gama, mu zo mu ɓalle hatimi."

"In na ɓalle da kaina fa, ranki ya daɗe?"

"Ka ɓalle aikinka ke nan."

Wata Talata motar su Yaya ta lalace a hanya, layinta ya wuce. Kashegari da hantsi aka kawo ta asibitinsu tana numfashi sama-sama, aka kwantar da ita a ɗakin da bango ɗaya ya raba da siton. Injiniya ya tsaya ya dube ta, ya juya ya ɗauko guduma.

Shugabar ma'aikatan jinya ta bi shi har cikin siton. Ba ta riƙe shi ba.

"Fasa," ta ce. "In ka fasa, ka gaya mini wa zai kunna. Babu wanda aka koya wa a cikinmu. Ruwan famfon nan kuwa, in ya shiga jininta, kai ka kashe ta da hannunka."

Gudumar ta yi masa nauyi. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya jingina da akwati, yana jin tarin Yaya ta cikin bango.

A motar asibiti aka kai ta birni, Allah ya sa da sauran kwana. Sai dai likita ya ce ta yi sallama da doguwar tafiya. Ta rufe shagon ɗinkinta, ta bar jikokinta, ta tare a wani ƙuntataccen ɗaki a gidan ƙanen mijinta, kusa da inda ake wankin.

Injiniya ya rubuta takardar neman canjin wurin aiki, don ya koma kusa da ita ya riƙa kai ta yana dawo da ita. Bayan mako uku shugaban asibitin ya kira shi, ya ƙi haɗa ido da shi.

"Kai ka sa hannu a kan kayan nan. Jiha ta ce ba za ta sake ka ba sai tarayya ta sauke maka nauyinsu. Tarayya kuma ta ce kai ma'aikacin jiha ne."

Ya fito ya tsaya a baranda, ya kira Yaya a waya.

"An ba ka?" ta tambaya, muryarta a shaƙe.

"Suna dubawa, Yaya."

Ta ce, "Tun kana ƙarami ba ka iya ƙarya ba. Je ka, na ji ana kiranka."

Da gaske kiransa ake yi. Fankar ɗakin haihuwa ce ta tsaya.