Allurar da Kamfani Ke Nema

Saƙon ya shigo wayar Sa'adiyya ranar Litinin da hantsi. Kamfanin da ke kawo mata sirinji ya ce a dawo da duk wanda kwalinsa ke da lamba 417: murfin ba ya kamawa, allurar kuma tana karyewa a cikin tsoka. Kwali biyu ta karɓa a kemis ɗinta na Gwammaja. Ɗaya ya riga ya watsu cikin unguwa.

Ta manna sanarwa a ƙofa: kamfani na neman allurarsa, duk mai ita ya kawo a ba shi sabuwa. Kwana uku, ko mutum ɗaya bai zo ba.

Ranar Alhamis kakarta, Ya Kaka, ta leƙo neman man zafi.

"Ke ma dai da wauta," in ji tsohuwar. "Tun yaushe kamfani ke bin kayan banza gida-gida? Unguwa duk ta ɗauka akwai abu mai tsada a cikin ƙarfen. Kowa ya ɓoye tasa."

"Wa ya faɗa musu haka?"

"Wa kuwa, in ba kawunki Ɗanbaba ba? Shi da ya taɓa kwance mini keken ɗinki, wai akwai dukiya a ciki."

"Ya Kaka, wani zai ɗauka a tsira wa yaro."

"To ce musu tana hana haihuwa. Kafin la'asar duk za ki gan su a kwata."

"A'a. Wannan ƙaryar in ta shiga unguwa sai ta shekara ashirin ba ta fita ba."

Ta sami kawun a majalisarsu ta gindin masallaci. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Wace allura?" in ji Ɗanbaba, hannunsa dafe da aljihu. "'Yar nan, duk karatun da kika je kika yi ba a koya miki ciniki ba? Ke ki tara musu, su narka su yi arziki, a bar ki da 'mun gode'."

'Yan majalisa suka kwashe da dariya. Ta tashi ta koma shago.

Washegari bayan sallar Juma'a sai ga Ɗanbaba an riƙo shi, abokansa Lawal da Mamman kowa da kafaɗa guda, yana tafe a kan yatsun ƙafa. Ashe ya ɓare guda goma daga leda don ya gwada su da maganaɗisu, ya zuba a aljihun babbar riga. Ya zo majalisa ya tattara rigar, ya zauna a kan benci da dukkan nauyinsa. Ɗaya ta shige bayan cinya, ta karye.

"Babu namiji a nan?" ya tambaya yana nishi.

"Akwai a asibiti, Kawu. Sai ka hau adaidaita ka zauna."

Ya kwanta ruf da ciki a kan gadon gwaji.

Sa'adiyya ta sa safar hannu, ta goge wurin. Bakin ƙarfen na nan a fili, bai nutse ba. Ta ɗauko hantsaki ta riƙe a sama.

"Kawu, su wa ke da sauran?"

"Ciro mana!"

"Hannuna rawa yake yi in ina da damuwa."

"Kai, Lawal, ka ga 'yar yau ko? Ni na yanka ragon sunanta!"

"Malam, faɗi kawai," in ji Lawal. Ya juya wa bango fuska, kafaɗunsa na girgiza don dariya.

Ɗanbaba ya fara lissafi da fuska cikin matashi. Gwadabe dillali, talatin. 'Yardada mai ƙosai, shida, a cikin gwangwanin madara. Ladan, huɗu. Da ya zo kan Mamman sai Mamman ya zura hannu a aljihu a hankali, kamar mai kamun kunama, ya ajiye biyar a kan kanta.

Ta cire guntun, Ɗanbaba ya kurma ihu, ta yi masa allurar rigakafin tetanus, ta liƙa filasta.

Ba ta ma aika kowa ba. Lawal ya koma majalisa ya ba da labarin sau uku, har da kwaikwayon ihun. Kafin magariba mutane sun yi layi, kowa na riƙe da tasa nesa da jiki. Gwadabe ya kawo nasa a cikin kwanon sha mai murfi. Ta ƙirga, ta haɗa da waɗanda aka riga aka yi amfani da su lafiya. Kwali ya cika.

Ɗanbaba na tsaye a gefe, don zama bai kama shi ba. Ya nuna guntun ƙarfen da ke cikin tasa.

"Wancan fa? Ai a jikina aka same shi. Ba ni abina."

Sa'adiyya ta jefa shi cikin akwatin zubar da allurai, ta rufe.