Tabon Gefen Aska

Akhamuk ag Ilbak, wato ɗan Ilbak, ya ɗauki hoton gungun taurari guda ɗaya sau ɗari shida, ya zubar da ɗari biyu da arba'in.

Shekara talatin ya yi yana tuƙa babbar mota tsakanin Tamanraset da In Salah. Da gwiwa ta hana shi taka kuloci, ya sayar da motar, ya sayi tsohon madubin hangen nesa da kyamara a hannun wani likitan haƙori. Bokonsa bai wuce aji uku ba. Da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta, amma inda ya kamata yake dannawa.

Gungun da ya sa wa ido siriri ne, dogo, ido tsirara ba ya ganinsa. Shi ya sa masa suna Aska.

Duk shekara ƙungiyar masu kallon sama ta garinsu tana tura hoto ɗaya baje kolin babban birni. Sau biyu ana ƙin nasa. Shekarar farko taurarinsa sun miƙe kamar ƙwayar shinkafa, don ƙafar madubin tana santsi wajen bin sama. Ya kwance ta, ya wanke haƙoranta da kananzir, ya ɗaure. Shekara ta biyu hoton ya fito da tsakuwa-tsakuwa. Bai yi musu ba. Ya koma duwatsun Ahaggar.

Bana dare arba'in da ɗaya ya kwana can. Kowane hoto minti biyar. Wanda iska ta girgiza, ya zubar. Wanda gajimare ya shafa, ya zubar. In ya gama sai ya rufe bakin madubin da murfi, ya ɗauki hoton duhu zalla cikin sanyin nan, don kwamfuta ta gane tsakuwar da kyamara ke haifarwa da kanta ta cire. Da asuba ya shimfiɗa farin rawaninsa a bakin madubin ya ɗauki hasken gari, don a gane dattin gilashi. Sannan ya ɗora hotunan bisa juna. Abin da ke sama da gaske yana ƙara fitowa, abin da ba ya nan yana narkewa.

Aska ta fito fes. A gefenta kuma wani abu ya fito, dishi-dishi, lanƙwasasshe kamar igiyar da aka yar.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya kai hoton makarantar sakandare, ɗakin da ƙungiyar ke taruwa. Bahedi ne ya kai shi a mota, taubashinsa, wanda ba ruwansa da taurari, shayin ƙungiya yake bi.

Ustaz Lakhdar, malamin kimiyya kuma shugaban ƙungiyar, ya buɗe hoton. Ya ƙura masa ido. Sai da sa hannunsa hoto ke tafiya, kuma gobe ake rufe karɓa.

"Baba Akhamuk, wannan aiki ne. Wallahi ba mu taɓa samun irinsa ba. Naka za mu tura."

"To."

"Sai dai tabon nan." Ya nuna igiyar da bakin biro. "Minti biyu manhaja za ta share shi."

"Ba tabo ba ne."

Bahedi ya yi dariya yana ɗaga butar shayi sama. "Ustaz, kada ka wahalar da kanka. Mutumin da ke rufe kyamara da murfi ya ɗauki hoton duhu, me ba zai gani ba? Maiƙon rawaninsa ne. Ni na san rabon rawanin nan da sabulu."

"Kai dai zuba shayi, makaho," in ji Akhamuk. "Da rana tsaka ka ɓatar da raƙumi a cikin garka."

"Raƙumin ne ya ɓatar da kansa. Ya ji labarin za ka hau shi."

Ustaz bai yi dariya ba. "Baba, na duba hotunan da na samu na gungun nan. Ban ga wannan ba. Hasken wata ne ya yi tsalle cikin madubi, ko raɓa ta kwanta a gilashi. Yana faruwa da kowa."

"Masu hotunan, awa nawa suka zauna?"

"Ban sani ba."

"Ni talatin na ajiye. A wurin da babu fitila ko ɗaya, tafiyar yini."

"Tsawon zama ba ya mayar da datti taurari."

Akhamuk ya gyara amawalinsa ya ja kujera. "Ka taɓa tuƙi a fili, Ustaz? Ka hango baƙin abu can gaba. Dutse ne, ko kashin tsuntsu ne a gilashi? Direba ba ya tsayawa tambaya. Karkata kai yake yi. In abin ya bi gilashi, na gilashi ne. In ya tsaya da ƙasa, na ƙasa ne."

"Wannan mota ce."

"Duk ɗaya. Tun dare na goma na ga alamarsa. Na kwance kyamara na juya ta gefe. Bayan dare goma na kifa ta. Bayan goma na sake juyawa. Tari huɗu na yi, kowanne daban. Buɗe ka gani."

Ustaz ya buɗe. Tari na farko, igiyar tana nan. Na biyu, ɗigon dattin da ke kusurwa ya koma wata kusurwar, igiyar ba ta motsa daga gefen Aska ba. Na uku haka. Na huɗu haka.

Bahedi ya leƙo da kofi a hannu. "Ni har yanzu maiƙo nake gani."

Ba wanda ya kula shi. Ustaz ya cire tabarau ya murza ido.

"Mai yiwuwa ne," ya ce. "Akan samu babban gungu ya yayyaga ƙarami, taurarin su zube su bar sawu. Mai yiwuwa. Amma alƙalan can ba za su buɗe tari huɗu ba. Kallo ɗaya za su yi. Su ce mutanen kudu ko goge gilashi ba su iya ba. Ka san yadda suke kallonmu. Shekara bakwai nake neman su ɗauke mu da daraja."

"Ka rubuta musu yadda na yi."

"Ba a karɓar bayani. Hoto da suna, shi ke nan. Kuma sunan ƙungiya ne a ƙasa, ba naka kaɗai ba. Ba zan sa hannu a kansa haka ba. A share, ya tafi yau. Ina ganin har ya ci. In ba a share ba, na Madam Zuhra ta ƙungiyarmu zan tura, hoton farin wata."

Akhamuk ya dubi allon. Shekararsa saba'in da ɗaya. Gwiwar da ta hau dutse bana, bai san ko za ta hau baɗi ba. Ya so a rataye hoton nan a babban birni, mutane su tsaya su karanta sunan ubansa a ƙasa. Ya so ƙwarai.

"Ɗan kawu," in ji Bahedi, wannan karon a hankali, "bari ya goge. Ka ajiye na asalin a gida. Wa zai sani?"

Ustaz ya zana da'ira kewaye da igiyar. Ya tura wa Akhamuk kwamfutar.

"Nan za ka danna, Baba. Da hannunka ya fi."

Akhamuk ya zare 'yar sandar ajiyar hotunansa daga jikin kwamfutar, ya jefa ta aljihu. Ya dafa tebur ya miƙe.

"Tura hoton watan. Ba zan goge ba."