Gidan da Aka Daina Dafa Shinkafa

Ciwon suga ya kama Hminga, direban motar haya a Aizawl, birnin da ke shimfiɗe a jikin duwatsu, har wani miki a ƙafarsa ya ƙi warkewa. Likita ya hana shi shinkafa. Matarsa Zodini ma'aikaciyar jinya ce, kuma ta san halin mijinta: in dai akwai tukunya a gida, sai ya ci. Don haka ta hana gidan gaba ɗaya. Aka koma gurasar alkama da dafaffen ganye, safe da yamma.

Wadda abin ya fi taɓawa ba ta da ciwon suga. Ita ce mahaifiyar Hminga, Pi Chhingi, wadda ta baro ƙauye ta dawo wurinsu bayan rasuwar mijinta. A can, Pi ake sa wa sunan dattijuwa don girmamawa, Pu kuma na dattijo.

Tun tana amarya, kamar kowace mace a cocinsu, in ta auna shinkafar da za ta dafa sai ta sa hannu ta damƙo cikin hannu guda, ta zuba a wani gwangwani daban. Rabon Ubangiji ke nan, kamar na baƙon da ke cin abinci a gidan. 'Yan zumuntar mata ne ke bi gida-gida suna tarawa, coci ta yi hidima da ita. Sai dai wurin Pi Chhingi damƙin ya wuce sadaka. A nan take addu'a. Daga lokacin da yatsunta suka rufe kan shinkafar har zuwa lokacin da ta buɗe su, takan gaya wa Ubangiji abin da ke gabanta: ɗan da ke zazzaɓi, aladen da ya ƙi ci, ruwan saman da ya makara. Wani lokaci hannun yakan daɗe a rufe har ruwa ya tafasa. A coci tana waƙa tare da jama'a, tana cewa amin. Amma maganarta ita kaɗai da Allah, a bakin tukunya take yin ta, kuma ba ta san wata hanya ba.

Da tukunya ta sauka, magana ta tsaya.

Zodini ba ta manta da coci ba. Ta sayo buhun shinkafa daga kanti, ta ajiye a bayan ƙofa, ta ce duk na coci ne, a riƙa ba Pi Dari, maƙwabciyarsu mai tarawa a unguwar.

“Inna, ai Allah bai yi asara ba,” in ji ta. “Ƙari ma ya samu.”

Pi Chhingi ta juya maganar, ba ta ga kuskure a cikinta ba. Washegari ta buɗe buhun ta damƙo. Tana ɗaga hannu sai ta tuna buhun duka na Ubangiji ne. Ke nan ta ɗebi nasa za ta ba shi. Ta tsaya da hannu a sama, ta rasa inda za ta zuba, ta mayar cikin buhun.

Sai ta koma kan garin alkama, tunda shi ne abincin gidan yanzu. Garin ba ya zuba kamar shinkafa. Yakan manne a tafin hannu, sai an kakkaɓe, kuma tana kakkaɓewa abin da za ta faɗa ya watse. Duk da haka ta tara rabin gwangwani. Ranar da Pi Dari ta zo da buhunta a goye, ta leƙa gwangwanin ta ɗago kai.

“Ƙawata, wannan kuma hodar wa ce?”

“Rabonsa ne. Abin da muke ci ke nan.”

“To in zuba a ina? In haɗa da shinkafar mutane su ce coci ta fara algus? Ki gasa masa gurasar mana ki kai masa da kanki.”

Pi Dari ta yi dariya ta wuce. Garin ya ƙare a kwanon aladen gidan.

Wata safiya, bayan ɗanta da surukarta sun fita, Pi Chhingi ta sayo 'yar shinkafa da kanta, ta ɗora ƙaramar tukunya. Ta auna, ta damƙa. Maganar ta dawo kamar ba ta taɓa tafiya ba. Ta faɗi ƙafar Hminga, ta faɗi 'yarta da ke garin Silchar, ta faɗi kabarin mijinta da ba wanda ya share. Ta ci kaɗan, ta ɓoye sauran a ƙarƙashin kwando. Haka ta riƙa yi, har ranar da Hminga ya dawo da rana neman wata takardar mota, hancinsa ya kai shi ga kwandon. Ya cinye a tsaye. Ya gane lokacin, ya riƙa dawowa kullum, uwar na gani ta kasa hana shi.

Awon jini ne ya tona su. Zodini ba ta ɗaga murya ba. Ta kwance bandejin ƙafar a gaban surukarta, ta nuna mata yadda mikin ya faɗaɗa, ta ce in aka ci gaba a haka likita zai yi maganar yanke yatsa. Hminga yana kallon rufi. Pi Chhingi ta wanke tukunyar ta kife, ba ta ƙara ɗora ta ba.

Yanzu ta san abu biyu, kuma sun ƙi zama wuri ɗaya a kanta. Addu'arta tana cikin tukunya. Tukunyar kuwa tana cin ƙafar ɗan da take yi wa addu'ar.

Ta je wurin Upa Khuma, dattijon coci mai kula da unguwarsu, tsohon malamin makaranta mai haƙuri. Ya saurare ta, ya ce damƙi al'ada ce mai kyau amma ba ita ce ƙofa kaɗai ba. Ya ce ta keɓe lokaci kowace safiya, ta karanta 'yan ayoyi, ta zauna shiru a gaban Ubangiji. Ta yi yadda ya ce. Ta karanta da yatsa a kan layi, ta rufe ido. Abin da ta ji shi ne ɗigon tankin ruwan maƙwabta, da tunanin ko an ba alade abinci. Hannunta na dama yana kan cinya, yana rufewa yana buɗewa shi kaɗai.

Ta koma ta gaya masa. Ya ce sabo ne, zai zo. Sai ta yi tambayar da ta kai ta.

“Upa, shekarun nan duka, addu'a nake yi ko awon shinkafa? In da gaske na san shi, yaya za a ce buhu ya ƙare shi ma ya tafi?”

“Pi Chhingi, Allah zuciya yake dubawa.”

“Abin da ke ba ni tsoro ke nan,” ta ce. “Ni ma na duba, ban ga komai ba.”

Upa Khuma ya yi mata addu'a, mai tsawo, mai tsari. Ta ce amin, ta fito kamar yadda ta shiga.

Dabarar ƙarshe ta Pi Dari ce. Gidanta yana ƙasa da nasu a jikin dutsen, sai an sauka wata doguwar matakala ta siminti da ke bi ta bayan shagon mai gyaran takalmi. Ta ce ƙawarta ta riƙa zuwa lokacin ɗora tukunya ta damƙa a tata. Pi Chhingi ta fara sauka safe da yamma. Sai dai Pi Dari ba ta yarda ta bar nata damƙin ba, don haka hannu biyu ke shiga tukunya ɗaya. Mijinta, Pu Rova, ya fara cewa Ubangiji ya fi shi samun abinci a gidansa, ga shi shi ke saye. Wasa yake yi, amma yana faɗa kullum.

Kuma abin bai yi ba. Pi Chhingi takan damƙa, ta ce, “Ubangiji, ga shinkafar Dari,” sai ta rasa na gaba. Ba daga bakin 'ya'yanta ta rage ba, ba ita za ta ji tukunyar ta yi ƙasa ba. Ta buɗe hannu, ta gode, ta kama hanyar hawa.

Wata yamma tana ɗaura mayafi za ta tafi, Pi Dari ta tambaye ta da wa take faɗa a kan matakala. Ta ce ba ta faɗa da kowa. Pi Dari ta ce ita ma ta ji, mai gyaran takalmi ma ya ji, har ya tambaya ko tsohuwar ta samu waya ce a kunne irin ta samari.

“Jiya da kunnena na ji ki. Kina cewa, kai ka halicci shinkafa, kai ka halicci suga, sannan ka haɗa su a jikin ɗana ka bar ni da gurasa. Kika tsaya kika huta, kika ce, kuma matakalar nan ma ba ka rage ko ɗaya ba.”

Pi Chhingi ta zauna a kan kujerar ƙofa. Ta tuna ta faɗi hakan. Ta tuna wasu da suka fi haka, waɗanda ta yi fatan iska ta ɗauke kafin su kai shagon.

“Wannan ai ba addu'a ba ce,” ta ce. “Rashin kunya ce. A bakin tukunya da ladabi nake masa magana, kamar baƙo. Wannan kuwa yadda nake yi wa baban Hminga ne in ya shigo min da taɓo a ƙafa.”

“To yana amsawa?”

“Shi ma marigayin ba ya amsawa. Zama yake yi yana ji.”

Pi Dari ta ce ta kai wa Upa Khuma maganar ya raba. Ta ce a'a, wasu ayoyin zai ƙara mata.

Daga ranar ta daina sa hannu a tukunyar Pi Dari, Pu Rova ya rasa abin tsokana. Amma ba ta daina matakalar ba. Safe da yamma, daidai lokacin da hayaƙi ke tashi daga gidaje, takan sauka har ƙasa ba tare da wani aike ba, ta juyo ta fara hawa. Zodini ta ɗauka motsa jiki ne, ta yaba, har ta ce da Hminga zai yi koyi. Mikin nasa ya tsaya, bai ƙaru ba, bai rufe ba.

Har yanzu Pi Chhingi ba ta yarda cewa abin da take yi ibada ba ne. In aka tambaye ta, cewa take addu'a ta ɓace mata tun da aka daina dafa shinkafa, kuma tana nema. Mai gyaran takalmi ya ce in ta iso saman matakalar takan dafa bango ta nemi gafarar abin da ta faɗa a hanya, da ladabi sosai. Wani lokaci tana cikin neman gafarar sai ta tuna wani abin da ba ta faɗa ba, ta juya ta sake sauka.