Gurbin Rwang

Shekarar da kuɗin mai ya haukata mutane, ƙungiyarmu ta ɗalibai a Landan ta tashi da wani sabon salo. Wai a zaɓi rawa ɗaya, a kai wa gwamnati a Legas, ta zama rawar ƙasa. Shugabanmu Maharazu, mai son a gan shi a jarida, shi ya ƙirƙiro abin.

Rawar da aka zaɓa ta ƙauyen su Kaneng ce, ma'aikaciyar jinya da muke flat ɗaya a Old Kent Road. A zagaye ake yin ta, amma ba a rufe da'irar. Duk shekarar da aka yi rashi, sai a bar gurbin mutum ɗaya, a yi ta juyawa da shi har a gama. A bara ramin kuza ya rufta da wanta Rwang, ita kuwa ko jana'izarsa ba ta samu zuwa ba. Don wannan gurbin kaɗai ta yarda ta koyar da mu, tana dawowa daga aiki ƙafafu a kumbure.

Ranar da manya za su zo kallo, Maharazu ya tsaya yana kallonmu, ya taɓe baki.

"Sister Kaneng, wannan ramin fa? Kamar wani ya yi cancel."

"Na wana ne, shugaba. Na gaya maka tun farko."

"Allah Ya ji ƙansa. Amma rawar ƙasa muke yi, ba zaman makoki ba."

Ji rashin imani! Nan take ya tura ƙaninsa Almu cikin gurbin. Na so in yi magana, Kaneng ta riƙe mini hannu.

Aka saki ganga, manya sun cika kujerun gaba da manyan riguna. Mun yi zagaye na farko ke nan sai Kaneng ta sake ni, ta ja da baya a hankali, ta fice daga layi. Na gane nufinta, wallahi sai da hawaye ya zo mini. Gurbinta ta ba Rwang.

Maharazu ya ɗaga hannu daga gefe, ya ce, "Ku matso!" Mutanen kirki, suka matso. Kafin mai ganga ya canja kiɗa da'ira ta haɗe tsaf, aka yi ta tafi.

A bas muna komawa, ruwa na dukan taga, Kaneng ta ce, "Sakinatu, gurbin ya daɗe kuwa a buɗe?"

Na ce ya ɗan daɗe.