Motar Da Ba Ta Mutuwa A Gaban Makanike

Rilwanu ya zaro kansa daga ƙarƙashin sitiyari, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya murɗa makulli. Tsohuwar Fijo 404 ta tashi nan take, tana gurnani lafiya lau, kamar ba ita ce jiya ta mutu a tsakiyar titin Koudoukou ba.

"Ka gani ko?" in ji Alhaji Nasidi, mai motar, yana tsaye hannuwa a baya. "A gabanka ko tari ba ta yi."

Zuwan Rilwanu na huɗu ke nan a wata guda. Ya canza buji, wato fulogi, ya kankare kan batir, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har yatsunsa suka yi kanta. A hannunsa mota sai ta zaga unguwar Kilomita Biyar kaf. Alhaji na karɓa, sai wutarta ta ɗauke, ta dawo lokacin da ta ga dama. Kuma Alhaji ba ya haɗa ta da komai, don mahaifinsa ne ya shigo da ita daga Kamaru.

Labulen zaure ya motsa. Hureira, 'yar Alhaji, ta ajiye kofin ruwa ta koma ba tare da ta ɗago ido ba. Zuciyar Rilwanu ta bi ta har cikin gida. Shekara guda yana son ta, baffansa kuma ya aika sau biyu ana cewa a dakata.

"Na lura da wani abu," in ji Alhaji a hankali. "Duk ranar da motata ta mutu, yarinyar nan sai ta sa kwalli."

"Baba, wallahi..."

"Bar wallahi. Wata waya kake sassautawa ka tafi, don a sake kiran ka. Ni ɗan kasuwa ne, na san mai dawowa neman canji. In ta ƙara mutuwa, kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar nan, kai da baffan naka."

Maganar ta yi wa Rilwanu zafi har idonsa ya kawo ruwa. Ya haɗiye.

"To Baba, alfarma ɗaya. Kai ka tuƙa, ni in zauna a gefe."

Alhaji ya daɗe yana kallon sa, sannan ya karɓi makullin. Ya zura hannu a aljihun 'yar ciki ya fito da wani tarin makullai a zoben ƙarfe, ya maƙala na motar a ciki. Tun shekarun rikici da aka fasa masa shago a kasuwa, kwaɗo bakwai yake sa wa kowace ƙofa, kuma ko ɗansa na cikinsa bai taɓa riƙe zoben nan ba.

Suka nufi unguwar Yakité. Ruwan jiya ya cinye hanya, ramuka cike da jan taɓo. Rilwanu ya kasa kunne ga inji, amma wata ƙara ce ta dame shi, kacau-kacau, a gefen gwiwar Alhaji. Mota ta faɗa rami, tarin makullan ya yi lilo, inji ya yi shiru.

"Shi ke nan," in ji Alhaji. "Sauka."

Masu babur suka fara zagaye su suna musu tsiya da yaren Sango. Rilwanu bai sauka ba. Ya miƙa hannu ya tallafe makullan a tafinsa.

"Me kake taɓa min?"

"Tayar da ita, Baba. Yeke yeke, a hankali."

Ta tashi. Suka wuce rami uku yana tallafe da su, ko gezau. Ya saki a na huɗu, ta mutu.

"Nauyin ne," in ji Rilwanu. "Shekaru yana jan kontak, wato ramin makullin, ƙasa, har cikinsa ya sassauta. In an sha rami sai wuta ta yanke. Ni kuwa in za ka ba ni mota, sai ka cire makullin ka ba ni shi kaɗai. Ta yaya za ta mutu a hannuna?"

Alhaji ya cire makullin motar daga zoben, ya tsaya yana juya sauran a hannunsa. Aljihunsa na nan a buɗe, amma sai ya ɗora su a cinyar Rilwanu.

"Riƙe."

Har suka iso gida Rilwanu bai motsa ba, hannuwansa biyu a kan ƙarfen, bai san ko amana aka ba shi ko tarko aka ɗana masa ba. Mota ba ta ƙara yin tari ba.

A ƙofar gida Alhaji ya karɓi zobensa ya ƙirga makullan ɗaya bayan ɗaya. Ya sake ƙirgawa.

"Sha biyar," ya ce. "Ka ce wa baffanka ya zo ranar Juma'a bayan an sauko. A ƙafa zai zo, ba na ɗauko kowa."